Na Ƙi Rage Maka Wando

Maigida,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Gaisuwa ce daga tsohuwar matarka da ka gudu ka bari a Kurudu. Ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ka a tashar Nyanya ta sauke ka Fatakwal ko faci ba ta yi ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da oga mai tausayi da maƙwabta masu amsa sallama.

Na san yadda ka tsinci takardar nan. Ka buɗe jaka, ka zaro ɗaya cikin wanduna ukun da na ɗinka maka, ka zura, ya sulale ya tsaya a ƙashin ƙugu. Ka ce shi ke nan, tsufa ya cinye idon Kaka. Sai ka sa hannu a aljihu ka ji takarda. To ba ido ba ne, ja'iri. Shekara arba'in da ɗoriya ina taka keke ban taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Da gangan na yi. Da awon da na yi maka a ƙaramar Sallah na yanka, ba da na makon jiya ba, kuma tsakanin awon biyu akwai inci uku da ban san inda ka kai su ba.

Ranar na tambaye ka, tef na rataye a wuyana, ka yi dariya ka ce yawon neman aiki ne, wai kuma 'yan matan yanzu siriri suke so. Na ƙyale ka don abokanka na tsaye a ƙofa. Amma ni ke zuba maka tuwo. Malmala biyu kake tashi da ita, ka kuma leƙa tukunya. Ba azumi kake yi ba, ba ƙwallo kake bugawa ba, ga agogon hannunka har ka matsar da shi rami biyu kana tsammanin ban gani ba. Wanda yake ci yana ramewa ba shi ya rage kansa ba, wani abu ne yake rage shi. Ban san ko mene ne ba. Ni ba likita ba ce, aji huɗu na yi aka cire ni. Abin da na sani shi ne sau nawa na ga irin wannan na yi wauta, kuma wautar zan ba ka guzuri tunda ba ni da gonar da zan bar maka.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, wanda saboda shi har yau bakina bai iya kiran naka sunan, masinja ne a wata ma'aikata a cikin gari. Wannan ka sani. A lokacin muna gidan haya a Nyanya, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, kuma a bakin famfon nan ake yanke wa kowace mace hukunci. In miji ya ajiye tumbi, matarsa ake yaba wa. In ya rame, ita ake kallo. Ba a tambayar namiji me ke damunsa, ana tambayar me matarsa ke dafawa.

Malam yana da wandon kaki biyu na aiki, masu maɓalli, ba irin namu mai zariya ba da za ka ja ka ƙulle. Wata safiya ya fito zai bi motar ma'aikata, yana tafiya yana jan wandon sama da hannu ɗaya. Maman Ladi, wannan dai da ka sani, mai kawo mana gwate, tana wanke-wanke. Lokacin ba ta daɗe da zuwa daga Filato ba, Hausarta tana tafiya da sanda. Ta ɗago ta ce mini, Maman Hadiza, oga naka yana zama sanda fa. Matan famfo suka yi dariya. Yau na san tsoro ne ya sa ta faɗa. Ranar kuwa gori na ji.

Da Asabar ta zo Malam ya fita majalisa, na ɗauko wandunan na farke ɗinkin baya, na shigar da inci ɗaya, na mayar, na goge. Ban yanke komai ba, ninkewa na yi ta ciki yadda ko wani telan sai ya juya wandon zai gane. Litinin ya sa, ya zauna masa cif. Ban gaya masa abin da na yi ba. Ta yaya zan dubi mijina in ce masa ka rame? A tarbiyyar da aka yi mana wannan ba maganar mace ba ce, kamar na ce masa na gaza ne. In ya dawo gida kuma babbar riga yake zurawa, ita kuwa babbar riga ko tsintsiya ka sa mata sai ta yi kama da attajiri.

Sau huɗu na yi haka cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Ina ragewa ina jin daɗin gwanintata. Sannan na tashi haiƙan in mayar masa da jiki. Fura da suga, kunu da suga, zuma a shayi, lemon kwalba in an yi albashi. Yana sha yana sa mini albarka. Ruwa kuwa yana shansa kamar wanda ya keto daji, buta ba ta hutawa. Na ce zafin Abuja ne. Na riƙa ganin tururuwa na taruwa a makwararar banɗaki bayan ya fito, in share, in zagi 'ya'yan mutane da zubar da alawa. Takalmi ya ji masa ciwo a ɗan yatsa, wata biyu bai warke ba, na ce ƙudaje ne.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a matakalar ofis aka kai shi asibiti aka aiko mini. Na same shi ya farfaɗo, likita mace ce, tana rubutu tana tambayarsa tun yaushe ya fara ramewa.

Malam ya ce, “Ni ban rame ba, likita. Wandon nan shekararsa uku a jikina, ga shi nan daidai.”

Ta dube shi, ta dubi ƙasusuwan wuyansa, ta dubi wandon. Ni ina tsaye a bakin gado. Da na yi shiru da ta rubuta abin da ya faɗa. Na ce, “Likita, juya ƙugun ta ciki.”

Ta juya. Ga layin ɗinki huɗu a jere, kowanne da launin zarensa, don ban ma damu in sayi zare iri ɗaya ba. Ta ƙirga da ɗan yatsa, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tambaye ni watan da na yi na farko. Ciwon suga ne. Ta ce jikinsa ba ya iya amfani da abin da yake ci, sai ya koma yana cin kansa, sugan kuma yana fita a fitsari, abin da tururuwa suka riga ni ganewa ke nan. Na tambaye ta furar da nake dama masa fa. Ta ce in daina. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Malam bai taɓa ɗaga mini murya a kan wannan ba. A motar komawa gida, mun maƙale a gosulon Nyanya, ya juyo ya ce, “Ashe ke ce. Ni ina ta yaba kakin gwamnati, wai yana bin jiki.” Ya yi dariya, ni na juya fuska wajen taga. Ya ƙara shekara goma sha huɗu yana shan magani, amma yatsan nan sai da aka cire shi, idonsa kuma ya riƙa dusashewa har ya zama da muryarka yake gane ka. Kwana na Allah ne, ban ce ni na rage masa ba. Amma shekarar nan da na ɓoye a cikin ƙugun wando, ita kam ni na ɗauke masa.

Saboda haka ka ji ni. Kada ka kai wandunan nan wurin tela. Kada ka sa ƙusa ka huda sabon rami a bel ɗinka. Ka bar su su riƙa zame maka suna ba ka kunya a gaban oga har sai ka je an duba ka. Suga yana bin jini, kai kuwa ba suna kaɗai ka ɗauko wurin mutumin nan ba, har tafiyarsa ka kwaso. A ɗan yatsa kawai za su tsira maka allura su ɗiga jinin a wani ɗan abu. Kai da ka iya tsayawa a yi maka askin nan mai kama da gonar da aka fara nome aka fasa, ba tsirar allura ce za ta gagare ka ba.

Za ka ce daga nan na yi hankali. Ina fa. Bayan shekara uku abin ya zo kaina. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ana kiɗan kalangu a ƙirjina, hannuna na rawa har ba na iya zura zare a allura, gumi ko ana ruwan sama, ga faɗa, kaza ta gifta sai na zage ta har kakanninta. Ci kuwa kamar gara, amma zane sai ƙara zagaye ni yake. An gwada suga babu. Tunda babu suga, sai na zauna na yi lissafina na marasa ilimi: hannu aka sa mini. Wa ya fara cewa Malam ya zama sanda? Maman Ladi. To bakinta ne, ta gama da miji ta dawo kan mata.

Na daina cin abincinta. In ta aiko da gwate in karɓa da fara'a, in zagaya bayan ɗaki in juye wa kaji. Kajin nan suka yi ɓul-ɓul har maƙwabta na tambayata me nake ba su, ni kuwa ina ta tsotsewa, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na ce to ai ga amsa a gabana tana ƙwaƙular ƙasa ba. Na sha rubutu, na yi hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. Rannan sai ga ta ta shigo ba sallama, jakarta a hammata. Ta ce ta san inda gwatenta ke zuwa, kaji sun gode, in tashi in sa mayafi. Na ce ba inda za ni. Ta zauna a kan keken ɗinkina ta ce to ita ma ba inda za ta, kuma yau ba mai ɗinki a gidan nan. Haka ta tasa ni gaba.

Wani abu ne a gaban wuya, nan ƙasan maƙogwaro. Likita ya ce kowa na da shi, shi ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, nawa ne ya zabura yake aiki kamar murhun da aka cika wa itace. Ƙwayoyi aka ba ni, cikin 'yan watanni hannuna ya tsaya. Na je na durƙusa wa Maman Ladi na faɗa mata abin da na zarge ta da shi. Ta ce ta sani tun tuni, in tashi kada in ɓata mata tabarma da hawaye.

Kai ma za ka zauna cikin mutanen da ba yarenku ɗaya ba, abincinsu daban, ibadarsu daban. In jikinka ya ƙi daɗi za a samu ɗan'uwa mai son ka da zai raɗa maka cewa matar mai gidan haya ce, ko wanda kuke neman kujera ɗaya a ofis. Kada ka tsaya neman wanda ya yi maka, ka nemi abin da ke damunka. Addu'a ka yi ta, ban hana ka ba, ni ma ina nan ina yi maka. Amma ka yi ta a kan bencin asibiti kana jiran layi.

Na uku shi ne wanda ba na son tunawa, kuma uwarka ba ta taɓa gaya maka ba don ta rufa mini asiri. Kana da shekara biyu aka kawo mini kai yaye, ita kuma ta biyo ka da tari. Tari ba ya ci ba ya ƙarewa, zazzaɓi da yamma, gumi ya jiƙa mata riga, ga rama har awarwaronta na kaiwa gwiwar hannu. Lokacin ne ake tsananin tsoron ƙanjamau, duk wanda ya rame sai a bi shi da ido, a daina shan ruwa a kofinsa. Na ji tsoron bakin mutane fiye da yadda na ji tsoron ciwon. Na sa ta a ƙuryar ɗaki, mai tambaya in ce ta koma gidan mijinta, ina sayo mata maganin ƙarin jini a kemis. Kakanka yana cewa a kai ta asibiti, ina cewa gobe. Wata uku. Kuma a ɗakin nan kake kwana, a bayanta.

Ranar da ta yi tari na ga jini a tsumma, ranar kunyata ta ƙare. Tarin fuka ne. Nas ɗin da ta karɓe mu ta tambayi ko akwai ƙaramin yaro a gidan, da na ce akwai, ta ajiye biro ta dube ni, kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Aka duba ka, Allah ya tsare. Uwarka ta sha magani wata shida ba fashi ta warke sarai, ga ta can Yangoji tana noman doya, ta fi ni faɗi sau biyu. Abin da na ji tsoro ma an gwada, babu. Nas ɗin ta ce ko da akwai, shi ma yana da maganin da mutum zai sha ya yi rayuwarsa, abin da ke kashe mutane shi ne ƙuryar ɗaki.

Don haka in ka je, ka ce su gwada har da wannan ɗin. Ba zan tambaye ka ina ka je ko me ka yi ba. Ni matarka ce ta wasa, ba alƙali ba. Duk abin da takarda ta nuna, kai jikana ne, a kwanona za ka ci.

Kada kuma ka karanta wannan ka kwanta kana lissafin likkafani. A zaman layin asibiti na ji abubuwa da yawa da ke ramar da mutum. Wani tsutsar ciki ce kawai, ƙwaya ɗaya ta kore ta. Wani gyambon ciki ne, wani haƙori ne ya hana shi tauna, wani maganin da yake sha ne ya ɗauke masa sha'awar abinci. Akwai kuma ciwon daji, wanda hannuna bai so rubutawa ba amma na rubuta, shi ma an ce wanda ya zo da wuri ba ɗaya yake da wanda ya makara ba. Ni ban san naka ba, kai ma ba ka sani ba, abokinka mai duba cuta a waya ma bai sani ba.

Akwai guda ɗaya da ba ya fitowa a jini. Bayan rasuwar kakanka, lokacin mun dawo Kurudu, masu zaman makoki suka watse, gidan ya yi mini faɗi. In dafa abinci in zuba kwano biyu, in tuna, in mayar da ɗaya tukunya, ɗayan ma in rufe shi. Ba ciwo nake ji ba, abincin ne ya koma kamar dusa a bakina. Kafin in fita takaba na zama abin tausayi. Na ɗauka haƙuri ke nan, in yi shiru in rame, ban gaya wa kowa ba. Likitan wuyana ne ya ce ba wuya ba ne wannan karon, damuwa ce, ita ma ciwo ce mai zaman kanta, ya tambaye ni da wa nake cin abinci. Na ce da rediyo.

Sai uwarka ta dawo mini da kai, wai don makarantar nan ta fi kusa. Ƙarya take, na sani. Shekararka shida, kai kamar tulu, ka zauna gaban kwano ka naɗe hannu ka ce ba za ka ci ba sai na ci. In kai loma ka kai loma, in tsaya ka tsaya. Don kada ɗan mutane ya mutu a hannuna na riƙa ci. Shekara goma sha takwas ke nan ban ci abincin rana ni kaɗai ba.

To can ba ka da kowa. Na san yadda samari ke yi, a dafa taliyar leda a ci a tsaye a cikin tukunya, ko a sha lemo da burodi a ce an ci. Ka nemi mutanen da za ka riƙa sa hannu a kwano ɗaya da su, ko masu gadi ne, ko 'yan uwanmu masu sayar da albasa a kasuwa. In ka ji zuciyarka ta yi nauyi, abinci ya fita ranka, ka faɗa wa wani. Ba raini ba ne ga namiji.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Cikin makon nan na farko, kafin oga ya gane kana da ƙafa ya fara aikenka, ka je asibiti, ba kemis ba. In likita ya tambaye ka kada ka ce ba komai, na san bakinka. Ka ce inci uku daga ƙaramar Sallah zuwa yau, kuma kana ci. Ka ce kakanka ya yi suga, kakarka ta yi ciwon wuya, uwarka ta yi tarin fuka kana goye. Ka faɗa masa in kana yawan jin ƙishi, ko gumi, ko tari, ko cikinka ya canza, abin da ni ba za ka gaya mini ba. In an ba ka takarda ka kira ni ka karanta mini ita layi-layi, har Turancin. Ba zan gane ba, amma zan gane muryarka in kana tsallake wani wuri.

Saura abu ɗaya, na bar shi ƙarshe don kada ka fasa tafiya. Tun ranar da takardar ɗaukarka aiki ta zo, zoben azurfar nan nawa ya fara juyawa a yatsa. Shekaranjiya ina wanke shinkafa ya zame cikin ƙwarya. Maman Ladi na zaune, ta tsamo shi ta miƙo mini, ta ce Talata ƙarfe bakwai in shirya, asibiti za mu. Wataƙila kewarka ce ta fara tun ba ka tafi ba. Wataƙila wuyan ne ya farka. Wataƙila wani abin ne. Na daina yi wa jiki duba, za ni in ji daga bakin masu sani. Ka ga ke nan ban aike ka inda ni ba zan je ba. Wanda ya riga karɓar takardarsa shi zai fara kira.

Allah ya sa abin da za mu ji mai sauƙi ne, in mai nauyi ne ya ba mu kafaɗar ɗauka. Allah ya tsare mini kai a hanya da masauki, a ruwa da tudu, ya kare ka daga mugun abokin zama, ya sa ka ci halalinka da lafiya, ya dawo mini da kai ina da sauran ido.

In za ka kira, kada ka bari sai yamma. Ka kira bayan azahar, lokacin da na zuba abinci. In ina jin muryarka loma tana wucewa.

Kakarka,
a Kurudu.